Kuɗin Hannu da Kuɗin Ido

Sau uku cikin wata biyar aka sauya wa kekenmu robar tare mai, wadda kanikawa ke kira oyil sil, sau uku kuma man ya dawo yana ɗiga a inda ya saba: ta cikin ƙafar baya ta hagu, yana barin baƙin tabo a ƙofar gidan da keken ke kwana a Gidan Igwai. Keken ɗaukar kaya ne mai ƙafa uku, irin waɗanda ke jigilar ruwan leda da ƙanƙara da buhunan albasa a titunan Sakkwato. Ni da wani abokin aikina muka yi karo-karo muka saya, muka damƙa wa ɗan ƙanwar mahaifiyata, yana kawo mana balas duk ranar Juma'a. A kowane karo cikin ukun nan hukuncin da na yanke ɗaya ne: kanikawan garin nan macuta ne. Na faɗi haka a ofis, na faɗa a majalisa, babu wanda ya musa mini, domin kowa da nasa labarin. Yau na zo janye wannan magana, in ajiye laifin a ƙofar da ta dace da shi, wato ƙofar irina: masu albashi da takardun shaida, waɗanda za su biya bakanike ladan abin da ya kwance ya ɗaura, amma ba su taɓa yarda cewa dubawa da ganowa ma aiki ne ba.

Firgita ce ta kawo ni wannan matsayi. Wata safiya cikin Afrilu yaron ya ɗauko ruwan leda maƙil, sai wata yarinya mai talla ta tsallako titi a guje. Ya taka birki. Maimakon keken ya tsaya a miƙe, sai ya fizge zuwa dama, ƙafa ɗaya ta ɗaga sama, ya faɗa lambatu da kayansa. Allah ya taƙaita: yarinyar ko ƙwarzane babu, shi kuma ya tashi da kurjewa a gwiwar hannu. Da ya kira ni, kafin in tambayi lafiyarsa da kyau na riga na fara lissafin ledojin da suka fashe. Bai zo mini a rai ba cewa tabon nan na ƙofar gida da wannan fizga abu ɗaya ne.

Maganar ba za ta fito ba sai an ɗan san na'urar. Baburan kabu-kabu da suka cika gari, su Bajaj Boxer da danginsu, sarƙa ce ke kai ƙarfin inji zuwa ƙafar baya. Sarƙa tana waje, a fili: in ta saki za ka ji ƙararta, in ta bushe za ka gani. Akwai wata hanyar kuma, ta sandar ƙarfe mai juyawa, farfela, kamar ta mota. Tsohuwar dabara ce. Kamfanin FN na Beljiyam ya fitar da babur mai farfela tun 1905, BMW na Jamus kuma da ita ya soma a 1923 da samfurin R32, har yau bai rabu da ita ba a manyan baburansa, irin waɗanda akan gani suna share wa ayarin manya hanya. Amma ba sai mun je Jamus ba. Vespa, basfar iyayenmu malaman makaranta da akawuna, ba ta da sarƙar baya: injiniyan jiragen sama Corradino D'Ascanio, da ya zana wa kamfanin Piaggio ita a 1946, ya tsani dattin sarƙa, sai ya dasa injin a gefen ƙafar baya yana juya ta kai tsaye. A 1948 aka yi mata ƙanwa mai ƙafa uku, Ape. A farkon shekarun 1960 Bajaj na Indiya ya soma ƙera su da lasisin Piaggio, kuma daga wannan tsatso ne keken fasinja ya fito, wanda shirin NAPEP na zamanin Obasanjo ya ba suna a Nijeriya, Kanawa suka ce a-daidaita-sahu, mu a nan muka ce agwagwa da buje. Shi ma babu sarƙa: gajerun sanduna biyu ke juya ƙafafunsa na baya. Na ɗaukar kaya kuwa, irin namu, doguwar farfela ce tun daga inji har tukunyar giya da ke tsakanin ƙafafun baya. Ke nan abin da ake ɗauka kayan alatu na masu babur ɗin Turai, a garin nan abincin dubban gidaje ne.

Farfela tana hutar da kai daga ɗaure sarƙa da shafa mata mai, kuma yashi ba ya cin ta kamar yadda yake cin sarƙa. Abin da take karɓa a madadin haka shi ne ta ɓoye maka ciwonta. A cikin tukunyar nan akwai giya biyu masu haƙora da ke juya ƙarfin farfela zuwa gefe, haƙoran suna gugar juna a ƙarƙashin nauyi mai tsanani. Abin da ke tsakaninsu da cinye juna shi ne man giya, mai kauri, wanda aka zuba wa sinadaran farar wuta don ya jure matsi. Shi ya sa yake da wannan ɗoyi da ba a mantawa, shi ne kuma ake rubuta wa 80W-90 da GL-5 a jikin roba. Man ba shi da yawa. A wasu manyan baburan BMW, duka abin da ke cikin tukunyar baya mililita 180 ne, kusan rabin kwalbar lemo. Inda mai yake kaɗan haka, ɗigo ba ƙaramin abu ba ne.

Duk inda sanda mai juyawa ta fito daga cikin mai, sai an sa abin da zai bar ta ta juya amma ya hana man bin ta. Aikin sil ke nan. Wani injiniya mai suna Walther Simmer ne ya samar da irin wanda muke amfani da shi, a kamfanin Freudenberg na Jamus, a 1929, da fata aka fara kafin a koma roba. Zobe ne mai siririn leɓe, da wata ƙaramar waya mai naɗi da ke matse leɓen a jikin sandar. Leɓen yana tafiya ne a kan shafin mai da ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Idan sandar tana juyawa a tsakiya daidai, fuskarta sumul, kuma babu abin da ke tura man da ƙarfi daga ciki, sil mai kyau yakan yi shekaru. Abin da ban sani ba, kuma abin da duk rigimar nan ta rataya a kai, shi ne sil bai cika mutuwa da kansa ba. Kashe shi ake yi. Wanda ya sauya shi bai nemo makashin ba, sabon ya miƙa wa makashin.

Bayan haɗarin wani maƙwabci ya kai mu wurin wani dattijo da ya yi ƙuruciyarsa a gyaran basfa, yanzu kuma yana ɗan taɓa kekuna a ƙarƙashin dogon yaro, da yara biyu. Na isa da sabon sil a aljihu, na huɗu, na miƙa masa. Ko kallon sa bai yi ba. Ya durƙusa, ya dangwalo man da yatsa, ya murza, ya shinshina. Wannan ita ce tambayar farko da babu wanda ya yi a karo ukun baya: wane mai ne wannan? Baƙin man inji baƙi ne, tsinkakke, mai ƙaurin ƙuna. Man giya kauri gare shi da ɗoyin farar wuta. Man birki ruwa-ruwa ne kuma yana cin fenti. Na shakazoba tsinkakke ne marar wari sosai. Dattijon ya ɗago ya dubi yaron ya ce, “Wanga ai gauraye ne. Mi kake zuba mai?” Yaron ya sunkuyar da kai. Baƙin mai yake ƙarawa duk mako, na awo da ake sayarwa a kwalba a bakin titi, don ya fi araha. Wanda ya ce masa ya riƙa ƙarawa kada tukunyar ta bushe kuwa, ni ne, ta waya, daga ofis.

Daga nan ya sa yaransa suka wanke ƙarƙashin keken tas da kananzir, aka bar shi a rana ya bushe ƙayau. Na tsaya ina duba agogo. Hikimar ita ce mai yana gangarowa ƙasa, iska kuma tana kora shi baya, ƙura tana shanye shi ta baza, don haka inda ka ga jiƙa ba lallai nan ne mafari ba. A babur mai farfela, man da ya taru a cikin robar da ke rufe gaɓar sandar yana iya zama daga akwatin giya na gaba ya gangaro, yana iya zama daga tukunyar baya. Waje ɗaya ake ganin sa, ciwo biyu ne daban, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba. Kan ƙarfe mai datti babu mai iya rarrabewa, komai ƙwarewarsa. Da ya bushe, dattijon ya barbaɗa farar hoda a kan tukunyar da bakin farfela da bayan kwanon birki, ya ce yaron ya zaga da keken har ƙarfen ya ɗau zafi. Da ya dawo, ga sawun mai a kan hodar kamar an ja layi da alƙalami: ɗaya daga ƙafar hagu, wani siriri kuma daga inda farfela ke shiga tukunya, wanda babu wanda ya taɓa lura da shi. Sil biyu da ba su haɗa komai ba suna zubarwa lokaci ɗaya. Nan ya ce to laifin ba na roba ba ne, wani abu ke tura man daga ciki.

Ya kai hannu saman tukunyar ya kankare wani curin laka da ni na ɗauka jikin ƙarfen ne. A ƙarƙashinsa akwai wani ɗan noti mai hula: kafar numfashin tukunya. Giya in tana aiki tana zafi, iskar da ke ciki tana kumbura, dole ta sami mafita. Lissafin na aji uku ne a sakandare: iskar da aka rufe aka ɗaga zafinta daga digiri 20 zuwa 80, matsinta yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin biyar. In kuma an cika mai fiye da kima, filin iskar ya ragu, man shi ma yana kumbura, matsin ya zarce haka, sai ya nemi wuri mafi rauni ya fita, wato leɓen sil. Yanzu a haɗa wannan da garinmu: ƙurar hunturu wata da watanni tana sauka a kan danshin mai tana zama laka, sai bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40 ta gasa lakar ta zama kamar siminti. Kafar ta toshe tun kafin a sauya sil na farko. Da aka kwance notin gefe, wanda ƙa'ida mai ya tsaya daidai bakinsa, sai ga mai yana kwarara. Ashe yaron a gangare yake ajiye keken in zai ƙara, don ya ci da yawa. Kada a ga wautarsa shi kaɗai. BMW da kansa, lokacin da ya fitar da R1200GS a 2004, cewa ya yi man tukunyar baya na har abada ne, ba ya buƙatar sauyi. Daga baya ya janye, ya sa lokacin juyewa, ya kuma rage yawan man da ake zubawa. In Jamusawa sun yi tuntuɓe a kan yawan mai da matsin iska, ɗan shekara ashirin da ke bin umarnin yayansa ba abin dariya ba ne.

Saura biyu. Ya ɗaga ƙafar hagu a kan jak, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, sai ta amsa da ɗan ƙwas-ƙwas. Boris ya ci. Sandar da boris ɗinta ya saki ba ta juyawa a tsakiya, rawa take yi, kuma babu leɓen robar da zai iya bin wannan rawa. Ya tsiyaye man a farin kwano ya karkata shi ga rana, ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ciki: ladan watannin da giya ta yi tana wanka da baƙin mai. Sannan ya cire kwanon birki. Fatar birkin hagu ta sha mai ta yi baƙi ƙirin tana sheƙi. Birkin da ya sha mai ba ya kamawa. Na dama ya kama shi kaɗai, keken ya juya a kansa. Fizgar da ta kusa hallaka 'yar mutane ke nan, kwance a cikin kwano, wata biyar tana jiran ranarta. A gefen tukunyar kuma ga jan gam da bakanike na uku ya laɓta a inda babu abin da ke zuba.

Duk wannan ya ci kusan awa biyu, ba a sauya ko da wosha ba. Dattijon ya goge hannu ya faɗi kuɗin dubawa, daban da na aikin da za a yi. Sai na ji bakina ya ce, “Haba Baba, ai ba a yi komai ba tukuna.” Ya dube ni ya ce, “Ɗana, waɗanda suka yi komai har sau uku, ina aikin nasu?”

A wannan jimla tawa duk cutar take. Ni da nake karɓar albashi a kan bincike da tambaya da karatu, wanda in edita ya ce mini ranar da ban rubuta layi ba ban yi aiki ba zan kai ƙara ƙungiya, ni ne na kalli mutumin da ya gano cikin awa biyu abin da ya gagara wata biyar na ce bai yi komai ba. Likitan da ke karanta wannan yana karɓar kuɗin ganin likita kafin ya rubuta ko da farasitamol. Lauya yana karɓar kuɗin shawara. Injiniya yana karɓar kuɗin duba fili kafin a kafa tubali. Dukanmu kuɗin ido muke ci. Amma da mun isa gareji sai mu koma cinikin tumatir: nawa ne kayan, nawa ne kuɗin hannu, rage mini. Kalmar ma ta tona mu. Kuɗin hannu muka ce, hannu kaɗai muka amince yana da lada.

To a sa kai a matsayin bakaniken. Yana da haya, yana da iyali, yana da yaran da zai saya wa abincin rana. Keke ya zo yana ɗiga. In ya wanke, ya jira, ya barbaɗa, ya girgiza, ya gano cewa kafar numfashi ce, gyaran na tsinke ne da kananzir, ba za a saya komai ba. Mai keke zai ce na gode, ya miƙa masa na shayi, ko ma ya ce sai an dawo. In kuwa ya zare tayar ya buga sabon sil cikin rabin awa, ga kuɗin hannu, ga ɗan abin da zai samu a kan kayan, kuma in ya sake zuba bayan wata guda a sake biya. Mu muka shirya kasuwar haka, muka sa lada a kan kintace muka sa asara a kan bincike, sannan muke mamakin cewa kintace ya yi yawa. Yaron da ke koyon aiki kuma abin da ya ga maigidansa yana samun kuɗi da shi zai koya. Shi ya sa za ka ga ana tura sil da sukundireba da guduma har ya karkace, ko a juya shi baibai, alhali gefen wayar ne ke fuskantar mai. Ko a zura shi a bushe a kan haƙoran sanda leɓen ya tsage tun kafin a tada inji. Ko a wanke fatar birkin da ta sha mai da fetur a cinna mata wuta a mayar, alhali man da ya shige ta yakan sake fitowa da ta ɗau zafi, maganinta sauyi ne kawai. Ba a haifi kowa da wannan ganganci ba. Saurin da muke biya ne ya koyar da shi.

Na san abin da za a ce: ai akwai macuta na gaske, masu ƙirƙiro ciwon da babu, masu karɓar kuɗin sabo su sa tsoho. Akwai su, na kuma haɗu da su. Amma a duba wanda tsarinmu ke hukuntawa. Macuci ba ya asarar komai in an ƙi biyan kuɗin dubawa, domin dama ba ya dubawa. Mai gaskiya ne kaɗai ke asara. Rowar da muke kira wayo, tace kasuwa take yi tana zubar da nagari. Dattijon nan yara biyu gare shi. Garejin da ke buga sil cikin rabin awa ba ya rasa layi.

Za a kuma ce talauci ne, ɗan keke ba shi da halin ajiye abin hawansa yini guda. Gaskiya ne, kuma nan ne maganar ta fi ƙona ni. Wa ya hana shi? Yaron da aka yanka wa balas, ko keke ya fita ko bai fita ba, ranar gyara a wurinsa asara biyu ce: bai samu ba, kuma ana bin sa. Ba zai zaɓi mai wankewa da jira ba, mai gam zai zaɓa. Ba zai sayi man giya na gaske ba, na kwalba zai saya. Kuma masu kekunan nan da baburan kabu-kabu da ake bayarwa a kan balas, da yawansu mu ne: ma'aikatan gwamnati, malaman jami'a, ma'aikatan banki da na asibiti, masu neman abin da zai tallafi albashi. Mun ɗauki ribar mun bar wa yaro haɗarin, har da haɗarin da zai faɗa kan ɗan wani da ke tsallaka titi. Tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin fetur, aka kuma saki naira bayan 'yan makonni, kayan gyara da man inji suka yi tashin gwauron zabi, sai muka ƙara matse hannu. Lissafin a juye yake. Lokacin da kaya suka fi tsada shi ne lokacin da kintace ya fi tsada. Ni na biya sil uku da kuɗin hannu uku da man wata biyar, sannan na zo na biya boris da fatar birki na ƙafa biyu da ledojin ruwan mutane, duk don in tsira daga biyan awa biyu na idon dattijo.

Halin ma bai tsaya a gareji ba. Shi ne na zuwa kemis a ce a haɗa mini na zazzaɓi, alhali tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin maleriya. Gwaji muke gani ɓarnar kuɗi, ƙwaya muke gani magani.

Masu son sauke komai a kan gwamnati za su ce a horar da kanikawa. A horar. Ga kwalejojin fasaha a Farfaru da Runjin Sambo, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ga asusun ITF da aka kafa tun 1971 don irin wannan. Hukumar SON ma ta ƙara ƙaimi kan jabun mai da jabun kaya, domin sil ɗin da aka yi da robar banza zai sandare a zafin Sakkwato komai iyawar mai sawa. Ko a cikin masu kyau ma, baƙar robar da aka saba tana jure kimanin digiri 100 ne, irin ta Viton kuwa kusan ninki biyu, kuma mai saye ya kamata ya san akwai wannan bambanci. Amma ka yaye yaro da ya san duk wannan ka sake shi a kasuwar da ba ta biyan dubawa, cikin shekara ɗaya zai daina dubawa, ko ya bar sana'ar ya kama kabu-kabu. Abin da ƙungiyar kanikawa ta NATA za ta iya yi gobe, ba tare da jiran kasafin kowa ba, shi ne ta yanka kuɗin dubawa a rubuce a kafa a kowane gareji, domin kada mai gaskiya ya zama shi kaɗai ke roƙon haƙƙinsa.

Akwai kuma wani abin kunya da ya rage namu mu kaɗai. Keken nan da ɗan littafinsa ya zo, da Turanci, an rubuta irin man da ake zubawa da yawansa da lokacin juyewa. Dattijon ba ya karanta Turanci, yaron ma kaɗan-kaɗan. Ni da nake karantawa, littafin yana cikin durowata a ledarsa, ban taɓa buɗe shi ba. Abu ɗaya tilo da iliminmu zai iya ƙara wa wannan sana'a, mu karanta shafi biyu mu faɗa wa bakanike da Hausa, shi ma mun gaza, domin a can ƙasan ranmu mun ɗauka ƙarfe da baƙin mai ba huruminmu ba ne, na waɗanda boko ya kayar ne. Da wannan raini muke shiga gareji, a tsaye, hannu a aljihu, muna kiran sa'an mahaifinmu “kai”.

Na biya kuɗin dubawar. An sauya boris, an sauya fatar birki ta ƙafafu biyu don su kama daidai, an huda kafar numfashi, an wanke tukunyar an zuba man giya daidai bakin rami. Sil ɗin da na zo da shi dattijon ya ƙi, ya aika aka sayo wani. Kafin ya sa, ya kama yatsana ya bi da farcena a kan sandar, na ji wani siririn kwari da tsofaffin leɓɓa da yashi suka sassaƙa a jikin ƙarfen. Ya shafa wa sabon mai, ya naɗe haƙoran sandar da leda, ya tura shi a hankali da guntun bututu mai faɗinsa, ya zaunar da shi ɗan nesa kaɗan da inda na da yake, don leɓen ya hau lafiyayyen ƙarfe. Ya ce wannan dabara ce ta ɗan lokaci, sandar sai an sauya ta, kuma gara kafin damina, domin tukunya mai zafi in ta shiga ruwan titi takan huce nan take ta zuƙo ruwa, man ya koma kamar madara.

Ni da abokin nawa mun yafe balas na ranar gyara, da na duk wata ranar gyara nan gaba, man giya kuma daga aljihunmu. Bai ji daɗin shawarar ba, har yanzu yana ganin na cika tausayi. Yaron yana shimfiɗa kwali a ƙarƙashin keken kowane dare, da safe ya ɗauki hotonsa ya turo mini ta WhatsApp. Mako na bakwai ke nan kwalin a bushe. Kuɗin sandar kuwa har yau ba mu gama haɗawa ba, ga shi hadari ya fara haɗuwa a gabas.